Ƙwayar harsashin Berry's mai nauyin giren 147: shurinta da laushi, ɗurinta da ka'ida

Mai shiga gasar harbi da ƙaramar bindiga ta 9mm, idan har yana ɗura harsashinsa da hannunsa, ko ba daɗe ko ba jima sai ya yi tunanin barin ƙwaya mai giren (ma'aunin nauyin ƙwaya) 115 ko 124 ya koma mai 147. Cikin waɗanda aka fi saye don wannan aiki akwai ta kamfanin Berry's da ke St. George a jihar Utah ta Amurka, mai zagayayyen kai. Dalma ce aka matse ta ɗauki siffa, aka lulluɓe ta da jan ƙarfe ta hanyar lantarki, sannan aka sake matse ta don kaurinta ya daidaita a inci 0.356. Nauyinta ya kai wajen giram 9.5. Kamfanin ya ce kada gudunta ya wuce ƙafa 1,250 a daƙiƙa, iyakar da mai harba ƙwaya mai wannan nauyi a gasa ba zai ko kusance ta ba.

Dalilin komawa ga mai nauyi yana cikin lissafin da ƙungiyoyin gasar harbi na IPSC da USPSA suke yi wa ƙarfin harsashi. Ana ninka nauyin ƙwaya a giren da gudunta a ƙafa cikin daƙiƙa, a raba da 1,000. Ƙaramin mataki, wanda ake kira maino, yana farawa daga 125. Mai giren 115 sai ta yi gudun ƙafa 1,087 kafin ta kai, mai 124 tana buƙatar 1,009, ita kuwa mai 147 ƙafa 851 ta ishe ta. Ƙwaya mai tafiya a hankali ba ta buƙatar albarushi da yawa, iskar da ke fita daga bakin bindiga ta ragu, ƙara ma ta ragu tunda gudun yana ƙasa da na sauti, wanda yake wajen ƙafa 1,125. Abin da hannu ke ji shi ne turi maimakon mari. Bakin bindiga yana ɗagawa ya dawo ba tare da fizga ba, ido yana iya bin saiti tun daga harbi na farko zuwa na biyu. A wannan fanni ƙwayar Berry's ta cika alkawari. Ba ta hayaƙi kamar dalma tsirara mai man shafi, ba ta barin dalma a bututu, yatsun mai ɗuri kuma ba sa baƙi.

Wahalar duk tana wajen tsayinta. Kaurin 9mm ba ya canzawa, saboda haka ƙarin nauyi tsayi yake zama, tsayin nan kuwa dole ya shiga wani wuri: ko cikin kwanso, ko gaba wajen maƙogwaron bututu, wato ɗan sararin da ke gaban harsashi kafin zanen cikin bututu ya fara. Kwanson 9mm inci 0.754 ne kacal, cikakken harsashi kuma bai kamata ya wuce inci 1.169 ba bisa ma'aunin SAAMI, cibiyar da ke tsara ma'aunin harsasai a Amurka. Idan aka bar ƙwayar ta yi tsawo, kafaɗarta za ta ci karo da zanen cikin bututu kafin silaid, wato saman bindiga mai kai da komo, ya rufe sosai. Bindigogin CZ, irin su Shadow 2, sun yi suna da gajeren maƙogwaro, don haka tsayin da ya zauna lafiya a Glock yana iya maƙalewa a cikinsu. Idan kuma aka tura ta ciki da yawa, matsala biyu ke tasowa. Ta farko, bangon kwanso yana ƙara kauri yayin da ake gangarawa gindi, sai gindin ƙwaya ya kumbura shi ya ƙi shiga ɗakin harsashi, wato gurbin da harsashi ke zama a gindin bututu. Wannan ya fi faruwa da kwanson da aka tsinto a filin harbi, na kamfanoni daban-daban, domin ba kowanne ke da kaurin bango ɗaya ba. Ta biyu ita ce mai haɗari: sararin albarushi ya ragu, matsin wuta ya hau. Iyakar matsin 9mm psi 35,000 ce (psi ma'aunin matsi ne), kuma a kwanso ƙarami haka, tura ƙwaya ciki da abin da ido ba zai lura da shi ba yana iya ɗaga matsin sosai.

Hanyar gano tsayin da ya dace ba ta da wuya, haƙuri kawai take so. A cire bututu daga bindiga. A haɗa harsashin gwaji wanda babu albarushi babu firaima (abin da ke kunna albarushi), a fara da shi da ɗan tsawo. A sake shi cikin ɗakin harsashi: ya kamata ya faɗa da kansa da ƙara "ƙwal", ya juya da yatsa ba tare da tirjiya ba, ya kuma zubo idan an kifar da bututun. Idan bai yi haka ba, a shafa wa kan ƙwayar tawadar baƙin alƙalamin maka, a sake sakawa, a duba inda tawadar ta goge. Gogewa a kafaɗa na nufin ya yi tsawo, gogewa a jikin kwanso na nufin kumburi ne ko bakin kwanso bai koma ba. A riƙa ragewa da inci 0.005 har ya zauna, sannan a ƙara rage 0.010 zuwa 0.015 don a bar rata, domin injin ɗuri ba ya fitar da kowane harsashi da tsayi ɗaya cif. Daga nan a gwada shi a magazin. Sai an tsayar da wannan tsayi ne ake maganar albarushi, domin adadin da ke littafin ɗuri an auna shi ne a kan wani tsayi takamaimai. Wanda nasa ya fi na littafin gajarta, dole ya fara daga mafi ƙarancin adadi ya hau da giren 0.1 a kowane mataki.

Inda mutane suka fi ɓata wannan ƙwaya shi ne wajen matse bakin kwanso. Rigar jan ƙarfenta siririya ce, dalmar ciki kuma mai laushi. Harsashin 9mm da bakin kwanso yake tokarewa a cikin ɗaki, don haka matsewar aikinta kawai ta mayar da bakin da aka buɗe, ba ta riƙe ƙwaya ba. Riƙo yana zuwa ne daga tsukewar da aka yi wa kwanso tun a matakin farko. A auna bakin da ma'aunin kauri: tsakanin inci 0.377 da 0.379 shi ne daidai. Wanda ya danna fiye da haka zai yanke rigar ko ya rage wa ƙwayar kauri, sai ta fita ba ta kama zanen bututu da kyau ba, ta riƙa juyawa a iska tana huda takarda da gefe. A zare ƙwaya ɗaya bayan matsewa a duba. Ɗan layi mara zurfi ba komai, amma idan an ga tsagi ko dalma ta leƙo, an wuce gona da iri. Buɗe bakin ma a yi shi daidai yadda ƙwaya za ta tsaya a miƙe, kada gefen kwanso ya kankare rigar lokacin shiga.

Albarushi mai saurin ci ake haɗa ta da shi, irin Vihtavuori N320, Hodgdon Titegroup ko Alliant Sport Pistol. Adadin da ake zubawa kaɗan ne, abin da ke sa ido ya kasa bambance kwanson da aka zuba wa sau ɗaya da wanda aka zuba wa sau biyu idan babu haske mai kyau a kan injin. A sa fitila, a leƙa kowane kwanso kafin a ɗora ƙwaya. Kwanson da ya wuce babu albarushi shi ma bala'i ne, domin firaima kaɗai tana iya tura ƙwaya ta tsaya a tsakiyar bututu. Duk harbin da ƙararsa ta yi rauni, a tsaya a duba bututu kafin a sake taɓa kunama.

Kada kowa ya ɗura don ya tsaya a 125 daidai. A babbar gasar IPSC ana karɓar harsashi takwas, a zare ƙwayar ɗaya a auna ta, a harba uku a na'urar auna gudu, kuma wanda ya kasa kaiwa maino bayan an ƙare duk matakan gwajin, makinsa ba ya shiga lissafi. Sanyi ko zafi yana canza gudu, na'ura ma ta bambanta da na'ura. Gudun ƙafa 890 yana ba da kusan 131, wannan rata ce mai kwantar da hankali. A auna ƙwaya ashirin daga kwalin, a yi lissafi da mafi sauƙinsu, a kuma harba aƙalla goma a na'ura a dubi mafi ƙarancin gudu, ba matsakaici kaɗai ba.

Akwai abin da ake biya a madadin laushin nan. Silaid yana tafiya a hankali, har wasu masu saurin yatsa sukan ji kamar suna jiransa, shi ya sa da yawa suke sa wa silaid sifirin mai laushi, wasu kuma su koma 124 gaba ɗaya. Ƙwayar takan sauka sama da inda mai sauƙi ke sauka a kusa, don haka sai an sake daidaita saiti a mita 25. A kan faranti mai lilo ko abin hari mai motsi, jinkirin tafiyarta yana buƙatar a ɗan ƙara sa saiti a gaba. Mai neman huda rami ɗaya a mita 50 zai fi samun biyan buƙata da ƙwaya mai rigar ƙarfe mai kauri. Amma ga atisaye na dubban harsasai da gasar da yawancin harbinta bai wuce mita 25 ba, ƙwayar Berry's ta cancanci saye, musamman ga mai bindigar da maƙogwaronta ke da wadata. Mai CZ ya fara da ƙaramin kwali na 250, ya yi gwajin bututu, kafin ya sayi na 1,000.