Shayin rage tumbi da akace zai taimaka min da asma, ga abinda na gani

Masu tambayata akan shayin rage kiban nan da ake ta tallarsa a status din WhatsApp, gara in fada sau daya kowa yaji. Ni ba dan gayu na siya ba, asma ce dani tun ina yarinya, kuma tunda na kara jiki bayan haihuwa abin ya karu, bene daya zan hau kirji ya fara kuka, turaren wuta ma na hakura dashi. Mai siyarwar ta rantse min shayin yana kashe yunwa yana gyara homon din, wato sinadarin jiki, dake sa mutum yawan ci, wai tumbi na sauka asma zata tafi. Har cewa tayi Hajiya ki ajiye inhelar nan haka. Wannan kam ban yarda ba.

Lokacin sanyi ne hazo ya rufe gari, na sha kofi daya bayan isha'i kamar yadda tace, tsakar dare cikina ya hau murdawa, daga bandaki sai bandaki, jiki ya mutu, ga kwannafi yana taso min har makogwaro, kafin asuba kirji ya rike ina shakar inhelata ta Ventolin yana dan saki yana komawa, sai da maigida ya kwasheni zuwa asibiti aka samin nebulaiza, wato na'urar shakar magani, da karin ruwa. Da na kira mai siyarwar wai dattin ciki ne ke fita in kara hakuri. Mutum yana neman numfashi ana masa zancen dattin ciki!

Likitar da ta dubani ta karbi kwalin ta juya, babu lambar NAFDAC, tace filasko ne a ciki, ruwa da bahaya yake fitarwa ba kitse ba. Tace alakar kiba da asma gaskiya ce amma ba yadda aka siyar min ba. Kitsen jiki da kansa yana fitar da homon mai suna leptin, shike gayawa kwakwalwa an koshi, mai kiba yana dashi da yawa amma kwakwalwar ta daina jin sakon, kuma yawansa yana rura kumburi wanda masana ke ganin yana taba hanyoyin numfashi. Wani homon, adiponectin, mai kwantar da kumburi kuma raguwa yake in kitse yayi yawa. Ghrelin shima homon ne da ciki ke fitarwa, shike kawo yunwa, in ka horar da kanka da rashin ci karuwa yake, rashin bacci ma haka, ni kuma tarin dare baya barina bacci. Ga tumbin kansa yana takure huhu, ga maganin prednisolone da ake bani in asmar ta tashi yana bude min ciki in ta ci. Tace ko kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyina na rage a hankali zanji saukin numfashi, da rage lemon kwalba da soye-soye da tafiyar kafa, inhelar kariya kuma kullum.

Tsakani da Allah ba komai nasu bane mara kyau, sun kawo min da wuri, kamshin citta da na'a-na'a yayi dadi, farkon sha har siket dina ya dan saki naji dadi. Amma ruwa ne ya fita, ina warkewa ya dawo, yunwa kuma ta dawo fiye da da.

Kudin ma na yafe wallahi. Abinda ya tsaya min a rai har yanzu mai siyarwar tana sa status wai yana da kyau ga masu asma, akwai wadda zata ji ta ajiye inhelarta da gaske cikin wannan kurar. Na tura mata takardar asibiti nace dan Allah ta cire wannan layin kawai, ta karanta bata amsa ba, washegari ta bulokeni.