Laragon: watanni ina aiki da shi, ga abin da na gani

Laragon manhaja ce ta Windows da ke ba ka damar gwada shafin intanet a kan kwamfutarka kafin ka ɗora shi. Duk mai gina shafin intanet a kan Windows ya san wahalar localhost/kaza/kaza, wato adireshin da ake buɗe shafin da ke cikin kwamfutarka da shi. Ni a da haka nake fama, ayyuka uku huɗu duk a ƙarƙashin localhost ɗaya, in na shiga shafin shagon wani da nake ginawa sai na tarar an fitar da ni daga ɗayan, ashe kukis ɗinsu, wato ƙananan bayanan da burauza ke ajiyewa don tuna ka shiga, su ne ke cin karo tunda burauza suna ɗaya take gani, kuma ko ka canza lambar fot, wato lambar da ake sawa bayan localhost, ba ta raba su. Maganin shi ne kowane aiki ya samu sunansa, kamar shago.test ko makaranta.test, amma sunan ya riƙa dawowa kan kwamfutarka.

Da hannu ma ana yi. Ka buɗe Notepad a matsayin admin, ka nemo fayil ɗin hosts a C:\Windows\System32\drivers\etc, ka rubuta 127.0.0.1, wato adireshin kwamfutarka, sai sunan da kake so, sannan ka koma wajen Apache, wato manhajar da ke miƙa wa burauza shafin, ka rubuta masa wace folda zai buɗe in an kira sunan, ka kashe ka kunna. Sau ɗaya ba komai, amma in kowane sati da sabon aiki abin yana gajiyarwa, ga shi harafi ɗaya in ya kuskure sai ka ɓata rabin awa kana nema.

To nan ne Laragon ya burge ni wallahi. Folda kawai za ka ƙirƙira a cikin C:\laragon\www, ka sa mata suna shago misali, ka danna Reload, Windows zai tambaye ka izini ka ce eh, shikenan shago.test ya fara aiki. Shi da kansa yake rubuta layin a hosts ya kuma haɗa saitin Apache ko takwaransa Nginx, in aikin Laravel ne ma, wato wani tsarin gina shafuka da yaren PHP, yana gane foldar public ya nufi can kai tsaye. Na buɗe hosts ɗin don in ga me ya taɓa, layukansa duk ya yi musu alama a ƙarshe, bai taɓa waɗanda na rubuta da hannuna ba, wannan ya kwantar min da hankali sosai. Kuma tunda komai a cikin kwamfutar yake ko data ta ƙare aiki na tafiya.

Wani abu da nake so mutane su kula, kar ku canza .test ɗin nan zuwa abin da ya fi muku daɗin gani. Tun 1999 aka ware .test domin gwaji, babu wanda zai iya sayensa. Da can mutane .dev suke sawa, sai ya zama mallakin Google, a Disamban 2017 Chrome 63 ya fara tilasta https a kan duk sunan da ya ƙare da .dev, shafukan gwaji da yawa suka daina buɗewa. Shi kuma .local na'urori ne ke amfani da shi wajen gano juna a netwok ɗaya, musamman na Apple, yana iya kawo jinkiri. Na ga wasu ma suna sa ainihin sunan shafin kwastoma na .com a hosts, sai su manta su cire, bayan sati suna duba shafin suna cewa komai lafiya alhali na kwamfutarsu suke kallo ba na kan intanet ba. Don Allah a kiyaye.

Laragon yana da https ma, ka kunna SSL, wato tsaron da https ke aiki da shi, daga menu ka saka satifiket ɗinsa cikin waɗanda Windows ya yarda da su, ya taimake ni lokacin gwada shafin da ke neman izinin kyamara.

Inda ƙarfinsa ya tsaya kuwa daga shi fayil ɗin hosts ne, ba ya karɓar alamar tauraro, wato ba za ka ce duk abin da ya ƙare da shago.test ya zo nan ba, kowane ƙaramin suna irin admin.shago.test sai ka ƙara layinsa da kanka. Mai gina manhajar da kowane kwastoma ke samun nasa sunan gara ya nemi irin su dnsmasq, wata manhaja mai karɓar alamar tauraron, wadda Laravel Valet, mai irin aikin Laragon, ke amfani da ita a Mac. Sannan wayarka ba ta san shago.test ba ko da kuna kan wayfai ɗaya, sunan a kwamfutar kaɗai yake, in zan gwada a waya sai na bi ta ngrok da ke cikin menu ɗin Laragon, mai ba shafin adireshi a kan intanet, shi kuma sai da data. Laragon ɗin na Windows ne kawai, masu Linux da Mac ba naku ba ne.

In ka ƙara suna ya ƙi buɗewa, gwada rubuta ipconfig /flushdns a Command Prompt tukuna don Windows ya manta tsoffin sunayen da ya riƙe, sannan ka rubuta http:// a gaban sunan don wani lokaci burauza bincike take tafiya yi maimakon ta buɗe shafin.