TradingView, MetaTrader ko Yahoo Finance: wanne ya dace da mai farawa?

Kafin ka ɗora wata manhajar duba jadawalin farashi a wayarka, ka fara sanin me za ka saya da kuma tsawon lokacin da za ka riƙe shi. Wanda zai sayi hannun jarin kamfani ya ajiye shekara biyar, buƙatarsa daban take da ta mai cinikin kuɗaɗen waje da ke shiga ya fita a yini ɗaya.

In kai mai saye ka ajiye ne, Yahoo Finance ko Investing.com sun wadatar, kuma kyauta ne. Za ka ga tafiyar farashi ta shekaru da rahoton ribar kamfani, a Investing.com kuma har da kalandar da ke nuna ranar da manyan bankuna za su sanar da kuɗin ruwa.

Inda zaɓi yake da wuya shi ne tsakanin TradingView da MetaTrader.

TradingView, wanda aka kafa a 2011, a shafin intanet yake buɗewa ba sai ka sauke komai ba, kuma kusan kowace kasuwa tana ciki: hannun jari, zinariya, mai, kirifto. Jan layi a kan kyandirori, wato sandunan da ke nuna hawa da saukar farashi a jadawali, yana da daɗin hannu, abin da ka zana a kwamfuta kuma za ka tarar da shi a waya. Akwai cinikin gwaji da kuɗin bogi, akwai ƙararrawar da za ta buga in farashi ya kai inda ka sa alama. Tsarin kyauta yana taƙaita yawan ma'aunan nazarin farashi da za ka ɗora a jadawali ɗaya, ga tallace-tallace. A ganina wannan taƙaitawar alheri ce ga sabon shiga. Matsakaicin farashi na kwana 200 da ma'aunin RSI mai auna ƙarfin motsin farashi, wanda J. Welles Wilder ya fito da shi a 1978, sun isa mutum ya yi watanni yana koyo. Mai cika allo da layuka goma masu launi-launi ƙarshenta ba ya ganin shi kansa farashin. Abin lura ɗaya: farashin wasu kasuwannin hannun jari yakan zo a makare, sau da yawa da minti 15, sai in ka biya kuɗin samunsa nan take. Mai ajiya ba ruwansa da wannan, amma ga mai shiga ya fita, minti 15 na iya cinye riba.

MetaTrader na kamfanin MetaQuotes ne. MetaTrader 4 (MT4) ya fito a 2005, MetaTrader 5 (MT5) a 2010. Kamanninsa na da ne, sai dai ba shi da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa. MT4 yana da zangon lokaci (tsawon lokacin da kyandir ɗaya ke nunawa) iri 9, MT5 yana da 21, don haka wanda zai fara yau gara ya kama MT5 in dillalinsa na da shi. MetaTrader ba ya aiki sai an haɗa shi da asusun dillali, ko da na gwaji ne, kuma nan ƙarfinsa yake: farashin da kake gani na dillalin da za ka yi ciniki da shi ne.

Wannan batu ya fi yadda ake ɗaukarsa girma. Kasuwar canjin kuɗi ba ta da cibiya ɗaya, kowane dillali da nasa farashin. Buɗe yuro da dala a manhajojin biyu gefe da gefe, ka dubi kyandir ɗin jiya. Za ka iya ganin lagwanin ɗaya ya ɗan fi na ɗayan tsawo, ko kyandir ɗin yini ya rufe a sa'a daban saboda agogon dillali. Ɗan wannan tsinin na iya taɓa iyakar asarar da ka sa, wato farashin da in an kai shi za a rufe cinikinka, a fitar da kai daga ciniki alhali a ɗaya allon farashi bai kai wurin ba. Shi ya sa masu gogewa da dama suke nazari a TradingView, amma iyakar asara a jadawalin dillali suke auna ta.

Kada ka biya kuɗin wata-wata tun yanzu. Buɗe asusun kyauta a TradingView da na gwaji a MT5, ka bi kadara ɗaya tak a duka biyun na 'yan makonni, a na'urar da za ka riƙa aiki da ita kullum, domin jan layi da babban yatsa a ƙaramin allo ba ɗaya yake da na linzamin kwamfuta ba.