Hattara da mai tallar "maganin ƙuma na waje" a Kaduna

Assalamu alaikum jama'ar Kaduna, musamman masu karen gadi a gida ko a gona. Akwai wani mutum da ke tallar maganin ƙuma da kaska a Facebook da WhatsApp, yana kiran kansa Dokta. Don girman Allah kada ku saya. Ni na saya, kuma saura ƙiris karenmu ya mutu a gabana.

A Unguwar Dosa muke. Karenmu Duna shekararsa 4 a gidan, tun bayan da aka taɓa haura mana katanga muka kawo shi yana ɗan kwikwiyo. Da damina ta kankama sai ya shiga susa ba dare ba rana. Yana kwance sai ka ga ya zabura ya kai wa gindin wutsiyarsa cizo, har gashin wurin ya zube, fatar ta yi ja. Yara kuma suka fara kukan cizo a idon sawu idan sun yi wasa ta bayan gida. Ana cikin haka na ci karo da tallar: hoton wani farin kare mai sheƙi, an rubuta cewa maganin daga Jamus yake, wanka ɗaya ya ishi kare shekara guda. Na kira lambar. Mutumin akwai daɗin baki. "Yallaɓai, kwalba uku suka rage, manyan mutane a Malali da Unguwar Rimi duk shi suke amfani da shi." Na tambayi inda shagonsa yake, ya ce ana gyara, amma zai aiko yaro. Na tura naira 12,000 cikin wani asusu mai sunan da bai yi kama da wanda ya faɗa mini ba. Tun a nan ya kamata in tsaya, ban tsaya ba.

Bayan la'asar wani mai Keke ya kawo saƙon a baƙar leda. Ƙaramar kwalbar roba ce, an liƙa mata takarda mai hoton karen nan. Babu sunan sinadarin da ke ciki, babu ranar lalacewa, babu adireshin kamfani, babu lambar NAFDAC. Abin da aka rubuta kawai shi ne a zuba murfi 3 a bokitin ruwa, a wanke kare, kada a ɗauraye. Da na buɗe, warin ya bugi hancina, na ce wa maigadinmu, "Baba, wannan ai kamar fiya-fiya." Ya shinshina ya ce, "Alhaji, ni ma haka na ji, amma ka san maganin Turawa da ƙarfi." Da hannunsa tsirara ya yi masa wankan.

Ƙumar kam ta zubo, baƙi-baƙi a kan siminti, har muna murna. Ba a yi sallar isha'i ba Baba ya buga mini ƙofa. Na tarar da Duna a kwance ta gefe, miyau na dalala har ya jiƙa ƙasa, naman cinyarsa na rawa shi kaɗai kamar ana kaɗa shi, ya yi amai ya yi zawo a inda yake. Na haska idonsa da fitilar waya, ƙwayar idon ta tsuke kamar bakin allura. Numfashinsa na fita da wani gurnani na ruwa a ƙirji. Na kira sunansa, ya yi ƙoƙarin kaɗa wutsiya ya kasa. Wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Na kira Doktan nawa. Ya ce, "Kwantar da hankalinka Yallaɓai, maganin ne ke aiki, dafin ƙumar ne ke fita." Kira na biyu bai ɗauka ba. Na uku, ya riga ya toshe lambata.

Wani maƙwabci ya ce a ɗura masa manja, wani ya ce madara. Allah ya sa ƙanina ya san wani likitan dabbobi, muka same shi ta waya. Ya ce kada mu ɗura masa komai, kare a wannan hali zai shaƙe, abin ya wuce masa huhu. Ya ce mu sa safar hannu ko leda, mu wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, mu taho da shi da kwalbar. Da muka isa ya shinshina murfin sau ɗaya ya ce, "Malam, maganin ƙwari na gona aka juye maka a sabuwar kwalba." Ya yi mini bayani cewa dangin fiya-fiya ne, irin sinadarin dichlorvos da ake kira DDVP, wanda ke shiga jiki ta fata ya rikita jijiyoyi, shi ya sa miyau da karkarwa da tsukewar ido. Ya yi masa allurar atropine, wato makarin irin wannan gubar, ya maimaita, ya sa masa ƙarin ruwa. Kwana biyu Duna ya yi a can. Abin da na kashe ya ninka kuɗin kwalbar sau da yawa. Baba kuwa da ciwon kai da tashin zuciya ya kwana, shi ma sai da muka kai shi asibiti.

Na san wani zai ce, a kan kare ake wannan dogon rubutu? Rai ne, kuma amana ce tunda mu muka ɗaure shi a gidanmu yana tsaron mu muna barci. Mun san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. In ma wannan bai dame ka ba, ka tuna ruwan wankan nan a tsakar gida ya malala, inda yara ke tafiya ba takalmi. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da irin wannan sinadari a kasuwanni da kantuna barkatai saboda rayukan mutane da ya ci. Shi ne wani ke ɗurawa a kwalba yana cewa a jiƙa dabba da shi.

Abin da ya fi ba ni haushi, bayan mako biyu ƙumar ta dawo kamar ba a yi komai ba. A nan likitan ya zaunar da ni ya fahimtar da ni abin da da na san shi tun farko da ba a cuce ni ba. Ƙumar da kake gani a jikin kare kaɗan ce ƙwarai daga cikin wadda ke gidanka, kusan kashi 5 cikin 100. Sauran ƙwai ne da tsutsotsi da waɗanda ke lulluɓe cikin kwanso, suna cikin tsummokaran da yake kwanciya, da tsagar siminti, da ƙasa mai laima a inuwa. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana, ƙwan kuma ba ya manne wa gashi, zubowa yake duk inda karen ya kwanta. Ta cikin kwanson tana iya yin watanni tana jira, sai ta ji ɗumi da motsi ta fito. Ɗumi da laimar daminar Kaduna kuwa shi ne abin da take so. To ta yaya wanka ɗaya zai raba ka da ita shekara guda? Duk wanda ya faɗa maka haka kuɗinka yake nema.

Mu ga abin da ya yi mana aiki. Da Duna ya warware sosai, likita ya ɗora shi a sikeli, domin da nauyin kare ake ba da magani, ba da ido ba. Akwai wanda ake ɗigawa a fatar bayan wuya inda harshe ba ya kaiwa, mai sinadarin fipronil kamar Frontline, wata-wata. Akwai na taunawa, NexGard duk wata, Bravecto kuma duk mako 12. Su ma ana jabunsu, don haka a hannun likita na karɓa, a kwalinsa a rufe. Wata uku muka jera ba fashi. Duk mako a wanke shimfiɗarsa da ruwan zafi a shanya a rana, a share ɗakinsa a ƙone sharar, muka kuma toshe tsagar simintin. An ba shi maganin tsutsar ciki, saboda kare kan haɗiye ƙuma wajen susa da haƙori, ita kuma tana ɗauke da tsutsar nan da ake gani kamar ƙwayar shinkafa a kashinsa.

In kana shakka ko ƙuma ce, taje gashin gindin wutsiya a kan farar takarda mai ɗan danshi. Baƙin garin da ya zubo in ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, jinin karenka ne a ciki. Ɗan kwikwiyo kuwa a duba dasashinsa, in ya yi fari jini ya yi ƙasa, a kai shi wurin likita, kuma yawancin magungunan nan ba a ba wanda bai kai mako 8 ba. Masu mage a gida ku kiyaye, maganin kare mai permethrin yana kashe mage. Baƙin mai da kananzir da wasu ke shafawa su ma ƙona fata suke yi.

Mai tallar nan bai daina ba. Makon jiya ƙanina ya nuna mini sabon shafi, an canza suna da lamba, amma farin karen nan ne dai, da maganar Jamus, da "kwalba uku suka rage". Yanzu har ya ƙara da cewa yana zuwa gida ya yi allura. Ku tambaye shi lambar rajistarsa ta Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, ku ce ya faɗi sunan sinadarin da ke cikin kwalbar, ku ce za ku zo shago da ƙafarku. Za ku ga yadda zai fara kame-kame. Wanda ke kusa da Zariya, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, a cikin garin Kaduna ma akwai likitoci masu rajista.

Idan ka riga ka saya, kada ka zubar a kwata, kada kuma ka ajiye inda yaro zai kai hannu. Ka ɗaure ta a leda biyu, ka haɗa da hoton tallar da shaidar tura kuɗin, ka kai ofishin NAFDAC na Kaduna. Ni tawa tana can. Ku tura wannan saƙon ga masu gadi da masu kula da gonaki ta Mando da hanyar Kachia, domin su ne ke yin wankan da hannunsu.