Sharhi Kan Wani Ofishin Tallafa wa Ɗalibai Baƙar Fata

Wannan ofishi na wata jami'a a Amurka yana hannun wata mata wadda ta daɗe tana aikin jin daɗin jama'a kafin ta shiga harkar gudanarwa, kuma gogewarta tana bayyana a yadda ake karɓar ɗalibi. Ba a tsayawa kan makinsa kaɗai, ana tambayarsa batun masauki, abinci da kuɗin makaranta, sannan a taya shi cike takardar FAFSA ta neman tallafin gwamnatin tarayya. A ganina, muhimmancin ofishin ya ƙaru tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2023 da ya hana la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Rauninsa shi ne ƙarancin ma'aikata, wanda kan sa ɗalibi ya daɗe yana jira, musamman lokacin jarrabawa.