28mm ko 15mm? Ɗauki 28 ka huta

Ƙanina mai tambayar ko ka fara da ƴan sojojin wasa masu tsayin 28mm ko na 15mm a wasan yaƙin duniya na biyu da ake bugawa kan tebur, ni dai duka biyun sun ci kuɗina, ɗaya ne kawai ya biya ni.

Na 28 ɗin da dokokin Bolt Action nake buga su, na kamfanin Warlord Games da ke Nottingham a Ingila, tun 2012 wasan yake, bugu na uku ya fito a 2024. Abin da ya kama ni shi ne jakar dayis ɗin nan. Kowane rukunin sojanka yana da dayis guda, a haɗa naka da na abokin karawarka a jaka ɗaya, a sa hannu a zaro, wanda kalarsa ta fito shi zai motsa rukuni ɗaya, ko ya yi harbi ko ya ruga ko ya kwanta ya yi kwanton ɓauna. To kaga ba wanda zai zauna yana hamma yana jiran wani ya gama. Ran wata Asabar cikin sanyin Disamba na Jos ɗin nan muka ɗora falanki mai ƙafa 6 da 4 a kan teburin cin abinci ni da ɗan yayata, yaron da ko karanta dokar bai yi ba, kafin zagaye na biyu shi ke auna min inci 24 na nisan harbin bindiga da tef ɗin tela na mamansa yana cewa kawu ba ta kai ba. Kuma gaskiyarsa, ba ta kai ba.

Sannan fenti. Sojan 28 kusan 1/56 ne na tsayin mutum, kana ganin fuska da maɓalli da madaurin bindiga ba sai ka matse ido ba. Nawa na Birtaniya ne amma na yi musu fenti kaman namu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka je Boma, har wani dattijo a layinmu ya ɗauki ɗaya ya daɗe yana kallo. Kwali ɗaya na roba yawanci soja wajen 30 ne, ka ƙara tanka ɗaya ka fara wasa, kuma roba ba nauyi, kuɗin kawowa bai kashe ka kaman na ƙarfe.

15mm kuwa, wato wajen 1/100, na wasan Flames of War na saya. Ba laifi in kai mai son tankoki birjik ne a fili, kuma bai cin wurin ajiya. Amma sojoji huɗu biyar a manne kan faranti ɗaya kaman ƙwayar wake, in an ɗauke wuta ka gwada fentinsu da tocila ka gani. Nawa suna cikin gwangwanin madara har yau.

Ba ka tambaya ba amma yi hattara da masu sayarwa a intanet. Akwai wanda ya tura min na 1/72 a matsayin 28mm, alhali su wajen 20mm ne, ka jera su gefen na gaske kaman yara sun bi iyayensu fareti. Wasu kuma kwafi suke zubawa da resin mai arha, fuska a narke, bindiga a lanƙwashe. Kafin ka tura ko sisi ka ce a ɗauko maka hoton soja ɗaya tsaye jikin rula, kuma ka sani yawanci daga tafin ƙafa zuwa ido ake aunawa, banda hula banda farantin da yake tsaye a kai. Wanda ya fara kame-kame ka rabu da shi.

Ka sayi 28 na roba, kwali ɗaya tukuna, kar ka kwaso uku. In ka gama fentin goma na farko ka zo da su Asabar, jakar dayis ɗina tana nan.