Fulawar falo ta yi yaushi a hunturun Kano: me za ki saya, me za ki bari a shago?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuka ɗaya ake ji a wajen masu ajiye fulawa a ɗaki: ganye ya langaɓe, bakinsa ya ƙone ya koma ruwan ƙasa, ana zuba ruwa kullum amma abin sai gaba yake yi. Yawanci fis-lili ce mai farin fure, ko kalatiya mai zanen ganye, ko fitoniya mai ƙananan ganye masu jijiyoyi farare ko jajaye. Asalinsu ƙarƙashin manyan bishiyoyi ne a dazuzzukan Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, inda iska ke jiƙe duk shekara. Suna son danshin iska ya kai kashi 50 zuwa 60 cikin 100. Mu kuwa da ranar hunturu danshin iskar Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20. Ganye na zubar da ruwa fiye da yadda saiwa za ta iya jawowa, don haka ƙara ruwa a tukunya ba shi ne magani ba, sau da yawa ma shi ke ƙarasa ta.

Kafin ki kashe ko sisi, ki zaro shukar daga mazubinta ki dubi saiwa. In fara ce mai ƙarfi, akwai rai. In ta yi baƙi-baƙi, tana murmushewa a yatsa, tana wari, ruwa ne ya yi mata yawa; sai a yanke ruɓaɓɓen da almakashi mai tsabta a sauya ƙasa. In kuwa ƙasar ce ta bushe ƙamas har ta janye daga jikin roba, a tsoma mazubin cikin baho na kamar rabin awa, a ɗaga ya tsane. Bayan nan ne ake maganar saye.

Kwalbar feshi ita kowa ke fara saya. A iskar hunturu danshinta ba ya wuce 'yan mintuna, amfaninta kawai wanke ƙura daga ganye. Faranti mai tsakuwa da ruwa shi ma ɗan abin da yake ƙarawa bai taka kara ya karya ba, ga shi kin buɗe wa sauro wurin ƙwai a tsakiyar falo.

Na'urar busa tururi mai sanyi tana aiki, ban hana ba. Amma da an ɗauke wuta ta tsaya, ɗaki ya koma yadda yake, kuma wannan hawa da sauka kalatiya ba ta jure shi. Ga kuma ruwa. In kika zuba mata ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri, sai ta feso shi ya sauka a matsayin farar ƙura a kan ganye, kan talabijin, kan komai. Na ga hakan a ɗakina, na daina. Mai sola da batir, wadda kuma za ta iya wanke tankin duk bayan kwana biyu ko uku, ta saya. Sauranmu mu duba gaba.

Abin da nake so, kuma nake ba kowa shawara, kaya uku ne masu araha: tukunyar ƙasa babba wadda ba a shafa wa fenti ba, yashi mai tsabta, da babbar roba gani-har-hanji, irin ta ajiye kaya, ko leda mai haske in robar ba ta samu ba. Za ki zuba yashi a gindin tukunyar, ki zaunar da mazubin shukar a ciki, ki cike tsakaninsu da yashi, ki jiƙa yashin sharkaf ba tare da ruwa ya kwanta ba. Dabarar ba baƙuwa ba ce a nan. Ita ce tukunya cikin tukunya da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don adana tumatir da yalo ba tare da wutar lantarki ba, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ruwa na tsattsafowa ta jikin tukunya yana bin iska, yana tafiya da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Kuma iskar da ta fi bushewa ita ta fi sa dabarar aiki, wato tamu. Saiwa ta samu sanyi, ƙasa ta daina bushewa kafin la'asar, sauro bai ga ruwan da zai zauna ba.

Tukunyar kaɗai ba za ta jiƙa iskar da ke kewaye da ganye yadda ake so ba. Aikin robar ke nan. Ki kife ta a kan shukar, kada ganye ya taɓa jikinta. Da safe za ki ga raɓa ta taru a ciki tana gangarowa, alamar danshin ya samu. Fis-lili da fitoniya da ƙishirwa ce kawai ta kayar da su sukan miƙe cikin yini guda. Kalatiya tana da nawa, sai kin yi makonni kafin ki ga sabon ganye ya leƙo a nannaɗe, kuma ganyen da ya riga ya ƙone ba ya dawowa, a yanke shi. Ki riƙa ɗaga robar kullum na ɗan lokaci iska ta shiga. Kada rana ta taɓa ta ko kaɗan, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke kai maki 40. Cikin awa ɗaya shukar za ta dafe. Kusa da taga mai labule mara kauri ya isa, nesa da fanka da bakin na'urar sanyaya ɗaki. Ruwan da na'urar sanyaya ɗakin ke ɗigarwa ta baya kuwa ki tare shi a bokiti, ba shi da gishiri, kalatiya ta fi son sa da na 'yan ga-ruwa. Da damina a tari na sama. Mai ƙananan yara ta ɗaga fis-lili sama, ganyenta na ƙona baki in aka tauna.

Sai maganar masu sayarwa, don a nan ne kuɗi ke salwanta. Wani mai lambu ya taɓa miƙo mini kalatiya tana sheƙi yana cewa, "Hajiya, wannan ko kin manta da ita ba ta mutuwa." Da ta kwanta na zazzage ledar, sai na tarar reshe ne aka tsinko aka soke a ƙasa, babu saiwa ko ɗaya. Tun daga nan ba na biya sai na ce, "Malam, zaro mini in ga gindin." Mai gaskiya ba ya ƙi. Ki ɗan ja shukar a hankali, in ta taso ba turjiya, ajiye masa abinsa. Ki shafa ganyen da yatsa, domin wasu mai suke goga masa ya yi ƙyalli, kuma mai na riƙe ƙurar hunturu ya toshe ganye. Ki juya bayansa: farin abu kamar auduga a kusurwar reshe ƙwari ne, zare-zare irin na yanar gizo da ɗigo-ɗigon rawaya su ma ƙwari ne, masu yaɗuwa a busasshiyar iska, za su bi sauran shukokinki kaf. Ki tambayi yaushe kayan suka iso. Wadda aka sauke jiya daga Kudu kyanta na can ne, bayan sati a Kano za a san halinta.

"Baƙar ƙasa" da ake aunawa a buhu ma ki damƙa a hannu da ɗan ruwa. In ta dunƙule ta yi danƙo, laka ce, za ta shaƙe saiwa. Mai kyau tana wargajewa, kuma kina iya sassauta ta da buntun shinkafa da ɗan dakakken gawayi. Ruwan taki a gorar lemo, babu suna babu ma'auni, da ake cewa yana tayar da matacciyar fulawa, kada ki karɓa ko kyauta ne. Shuka mara lafiya ba a ba ta taki sam sai ta fitar da sabon ganye. 'Yar ƙaramar na'ura mai fitila kala-kala da ake jonawa da cajar waya, ta ƙamshin ɗaki ce, ko da an ce miki ta fulawa ce. Tukunya kuma ki zuba mata ruwa a gaban mai ita ki ɗan jira: in bayanta bai yi duhu ya yi sanyi ba, an shafe ta da fenti ko siminti, ba za ta yi wannan aikin ba. Mazubin ciki kuwa dole ya kasance da huda a ƙasa, ki juya shi ki gani da idonki kafin ki miƙa kuɗi.